Marubutan Hausa, Ina Kason Yara?

Yau ba labari na zo muku da shi ba, ƙorafi ne, kuma tun daga farko ina neman afuwar duk wanda maganar za ta taɓa, don na san ba za a rasa ba. Ni kaina ina cikin masu laifin, saboda haka idan kun ga na ɗaga bulala, to gadon bayana ne zai fara shan ta.

Abin da ya tayar da zancen shi ne, bara gab da faɗuwar damina, 'yata 'yar shekara biyar ta yi zazzaɓi, ta kwana uku ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Da Allah Ya ba ta sauƙi sai na lura ba ta ma son fitar. Daga ta farka sai ta nemi wayar uwarta, ta samu lungun gado ta lafe, in ka yi mata magana sai ka maimaita sau uku kafin ta ɗago. Abin ya dame ni, na ce bari in shiga kasuwa in samo mata littafin Hausa mai hotuna, ko Allah Ya sa ya raba ta da wayar nan.

Na bi rumfunan masu littattafai ɗaya bayan ɗaya har ƙafata ta gaji. A ta ƙarshe na tarar da wani dattijo, muka gaisa, na ce, "Baba, littafin yara nake nema na Hausa, mai hotuna, wanda za a karanta wa yarinya 'yar shekara biyar."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Na wace makaranta? Aji nawa take?"

Na ce, "Ba na makaranta ba ne Baba, na nishaɗi ne kawai."

Ya yi murmushi ya ce, "Ai kuwa sai dai ka yi haƙuri, ɗana. Wa zai buga wannan? Wa zai saya?"

Na ɗaga kai na dubi rumfarsa. Ga littattafan soyayya nan tsibi-tsibi, wani na ɗaya zuwa na huɗu. Ga na addini, ga na jarrabawa, ga na koyon baƙaƙen Turanci masu hoton tuffa. Cikin tsibin soyayyar nan har na hango wani da ni na rubuta shi da hannuna. Wallahi kunya ta kama ni, na yi masa sallama na wuce.

A hanyar fita ne na tsaya wajen masu gwanjon littattafan Turanci da suke bazawa a ƙasa, na tsinci wani ɗan littafi da bangonsa ya sha jiki, sunansa The Snowy Day, wato ranar da dusar ƙanƙara ta sauka. Wani Ba'amurke ne mai suna Ezra Jack Keats ya rubuta shi kuma ya zana hotunansa, aka buga a 1962, a 1963 ya ci lambar Caldecott, wadda ita ce babbar kyautar da ake bai wa masu zanen littattafan yara a Amurka. A shekarar 2020, da babban ɗakin karatu na jama'a na birnin Niyok ya cika shekara 125, sai suka duba littafin da aka fi ara a tarihinsu kakaf, suka tarar wannan ɗan littafin ne, an are shi sau 485,583. Ba littafin wani shehin malami ba, ba na wani shugaban ƙasa ba.

To me ke cikinsa? In na gaya muku za ku ce ai wannan ba labari ba ne. Wani yaro ne baƙar fata mai suna Peter ya farka da safe ya ga gari ya yi fari fat, ya sa jar rigarsa ta sanyi ya fita. Ya taka ya waiwaya yana kallon sawunsa. Ya tsinci sanda ya ja ta a ƙasa, ya daki bishiya da ita, ƙanƙara ta zubo masa a ka. Ya hango manyan yara suna jifan juna, ya so ya shiga, ya ga bai isa ba tukuna. Da zai koma gida sai ya dunƙula ƙanƙarar ya sa a aljihu don ya ajiye wa gobe. Kafin ya kwanta ya laluba aljihu, wayam! Ransa ya ɓaci. Gari ya waye wata sabuwa tana zuba, ya kira abokinsa suka fita tare. Iyakar labarin ke nan. Babu mugun sarki, babu kishiya, babu wanda ya tsaya a shafin ƙarshe ya ce ga darasin da muka koya.

Da dare na zaunar da yarinyar a cinyata ina nuna mata hotunan ina faɗa mata da Hausa. Ta ce, "Abba, mene ne wannan farin?" Na ce irin ƙanƙarar nan ce da take faɗowa da ruwan sama, amma tasu laushi gare ta kamar gari. Muka karanta sau ɗaya, ta ce a sake. Aka sake, ta ce a ƙara. Washegari na dawo daga aiki na tarar da ita a ƙofar gida tana jan kara a cikin rairayi, tana waiwaye tana kallon layin da ya bari. Bayan 'yan makonni aka yi wani ruwa mai iska wanda ya zo da ƙanƙara, kafin uwarta ta ankara ta yi fit ta fice tsakar gida, ta tsinto ta cika aljihun rigarta. Da ta narke ba ta yi kuka ba, dariya ta yi ta ce, "Abba, tawa ma ta gudu irin ta yaron nan!"

Jama'a, wannan shi ne abin da nake so in faɗa, kuma ba zan yi kwana-kwana ba: littafin yaro na ƙwarai shi ne wanda yaro zai gama ya ajiye shi ya ruga waje. Mu kuma marubutan Hausa ba mu rubuta irinsa ba, sai abin da ba a rasa ba, kuma wannan cin amana ne. Abin takaici ne a ce sai wani bawan Allah da ya rasu tun 1983, wanda da dusar ƙanƙarar garinsu ya yi labarinsa, shi ne zai tuna wa 'yata cewa akwai rairayi a ƙofar gidanmu.

Mun shafe shekarun 1990 muna kai ruwa rana a jaridu a kan adabin kasuwar Kano, wasu na cewa yana ɓata tarbiyyar yara, wasu na cewa ƙarya ne. Amma da masu sukar da masu karewar, nawa ne suka tsaya suka tambaya: to shi yaron me aka rubuta masa? An bar jaki ana dukan taiki. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu da aka kama da littafin soyayya a ƙarƙashin filo ba lalacewa ce ta kai ta ba, ƙishirwar karatu ce, kuma wanda ƙishi ya kama ba ya tambayar ruwan na wa ne. Yau ga shi labaran sun koma waya, ana sayar da su a WhatsApp shafi-shafi, marubuta sun ƙaru ninkin-ba-ninkin, amma kason yara yana nan inda yake.

Sannan idan Allah Ya sa waninmu ya tuna da yara, sai cutarmu ta gado ta motsa, wato wa'azi. Kun san irin labarin da nake nufi. Yara biyu ne, ɗaya na kirki, kullum yana ɗaki yana bitar karatu, ɗaya kuma mai ƙiriniya, kullum yana waje. Ran nan mai ƙiriniyar ya hau bishiya ya faɗo ya karye, ko ya je kududdufi ruwa ya kusa cinye shi, sai ya yi nadama ya ce daga yau ya daina wasa. Don Allah ku duba abin da muke cusa wa yaro: waje halaka ne, ɗaki tsira ne, mai motsi shi ne ɗan banza. Sannan mu dawo muna kukan wai yaran zamani ba su da kuzari, ba su san komai ba sai waya. To wa ya kulle su?

Kada wani ya ce ina yaƙi da tarbiyya ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan gaskiya ne, amma ba a ce a tuge shi daga ƙasa a kai shi ɗaki a tanƙwara ba. Kakanninmu da suka yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba su fi mu rashin tarbiyya ba, kuma Gizon nan maƙaryaci ne, makwaɗaici, amma ba su ji tsoron ba mu labarinsa ba, don sun san yaro yana da hankalin da zai tace. Shi wasan kansa makaranta ne. A langa yaro ke koyon cewa akwai doka ko babu babba a wurin, kuma ana kayar da mutum ya tashi ya karkaɗe jiki ba tare da gaba ba. A carafke yarinya ke koyon ƙirga da saurin ido tun ba ta san allo ba. A tuwon ƙasa ake koyon rabo. Yaron da ya fere kara ya haɗa mota mai ƙofa da taya, ya riga ya fara karatun injiniya, ko da kuwa babu wanda ya gaya masa.

Kuma maganar ba ta tsaya a kan son zuciyata ba, har likitoci sun shigo ciki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarar cewa yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, kuma ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada zamansa gaban talabijin ko waya ya wuce awa guda, sannan in zai zauna, gara a karanta masa littafi ko a ba shi labari. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an yi wani gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 2015: aka ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantun firamare minti 40 na wasa a waje kullum, wasu makarantun kuma aka bar su yadda suke. Bayan shekara uku, waɗanda suka kamu da matsalar rashin hangen nesa a cikin masu fita wajen kusan 30 ne cikin 100, a cikin sauran kuwa kusan 40. Hasken rana kawai, wanda mu Allah Ya hore mana shi kyauta har muna kuka da shi.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini. Na farko, za a ce zamani ya lalace, wa zai saki ɗansa waje? Wannan ba zan raina shi ba, ni ma uba ne. Ba mu manta da yaran nan tara da aka sace a Kano aka gano su a jihar Anambra a 2019 ba, kuma akwai garuruwan da yau ko babba ba ya iya zuwa gona da kwanciyar hankali. Amma waje ba sai daji ba. Tsakar gida waje ce, zaure da ƙofar gida waje ne, filin makaranta waje ne. A da ba don babu mugaye yara ke wasa a dandali ba, sai don akwai dattijo a kan dakali da tsohuwa mai ƙosai da suka san ɗan wane ne wannan. Abin da ya ɓace mana ke nan, shi ya kamata mu nemo. A unguwarmu filin da muka yi langa a cikinsa yanzu shaguna ne a jere, kuma lokacin da ake yanka shi babu ɗayanmu da ya ce uffan. Mu muka sayar da dandali, sannan muka saya wa yaro waya don ya yi shiru.

Na biyu, za a ce kuɗi. Gaskiya ne buga littafi mai launi yana da tsada, takarda daga waje ake shigo da ita. Amma irin wannan littafi galibi shafi 32 ne kacal, kalmominsa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Mu da muke iya buga labari guda har kashi huɗu, shafi 32 ne zai gagare mu? Kuma uban da ke cewa ba shi da kuɗin littafi, ya lissafa abin da yake kashewa a kati da data a wata guda. Game da masu zane kuwa, kada a ce babu. Shi Keats ɗin da yankakkun takardu masu launi da ƙyalle ya haɗa yawancin hotunansa, har da buroshin goge haƙori ya yi amfani wajen fesa tawada. Mu da muke da masu zanen bayan manyan motoci, da masu zanen lalle, da masu sassaƙar ƙwarya, da masu ɗinkin hula, ga ƙyallayen atamfa nan teloli na sharewa suna zubarwa kullum, mu ne za mu ce ba mu da kayan aiki? Ba hannu muka rasa ba, ba mu ɗauki mai zane a bakin komai ba ne. Mun mayar da shi mai yi mana bango kawai, mu ba shi ɗan abin da ya samu, ko sunansa ba ma sawa. A littafin yara kuwa mai zane shi ne rabin marubuci, don yaron da bai iya baƙi ba hoton yake karantawa, kuma sau da yawa yakan ga abin da kai mai karanta masa ba ka gani ba.

Na uku, za a kawo maganar hukuncin zanen abu mai rai. Wannan fagen malamai ne, akwai saɓani a cikinsa, kuma ni ba zan yi shisshigi ba. Abin da na sani shi ne malamai da dama sun yi rangwame a kan kayan wasan yara, kuma ya zo a cikin Sunan na Abu Dawud cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana, a cikinsu har da doki mai fukafukai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya tambaye ta, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Doki mai fukafukai fa! Bai tsawata mata don tunaninta ya yi nisa ba. Mu kuwa yau yaro ya hau kara ya ce doki ne, sai mu daka masa tsawa mu ce ya shiga ɗaki ya yi aikin gida.

A nan dole in juyo kan iyaye da masu makarantun kuɗi. Yaro ɗan shekara uku an ɗora masa jaka ta fi shi nauyi, ya tafi tun bakwai na safe, ya dawo a tura shi lesin, daga nan sai Islamiyya, da dare ga aikin gida shafi uku. Wasu makarantun a gidan haya suke, ko inda za a buga ƙwallo babu. Uba kuma ba ya sayen littafi sai wanda aka rubuto masa a takardar makaranta. Tambayar da dattijon nan ya yi mini, "Aji nawa take?", ba laifinsa ba ne, mu muka koya masa ita.

Ba na cewa ba a taɓa yin komai ba, in na faɗi haka na yi butulci. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya raini iyayenmu ya raine mu, sai dai ba littafin ɗan shekara huɗu ba ne. A farkon shekarun 1970 marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, ku lura da sunan, shi ya gane cewa tatsuniya da wasa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. A shekarun baya an yi shirin Mu Karanta! a firamarorin Bauchi da Sakkwato, an samar da littattafan koyon karatu da Hausa. A intanet akwai African Storybook da wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, da StoryWeaver na ƙasar Indiya da aka buɗe a 2015, duka suna da labaran yara masu hotuna da Hausa kyauta, ko da yake da damansu fassara ce. Allah Ya saka wa duk wanda ya sa hannu. Amma littafin koyon baƙi daban, littafin da ke sa yaro mafarki daban. Kuma har yaushe za mu zauna sai baƙo ya zo da tallafi sannan 'ya'yanmu su samu abin karantawa? In tallafin ya ƙare fa?

Tarihi ya nuna mana hanya. Gasa guda da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ita ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da mata marubuta da ba a san da su ba. To me zai hana ƙungiyoyin marubutanmu, da sassan Hausa na jami'o'inmu, da attajiran da ke zuwa ƙaddamar da littafi su yi alkawarin miliyoyi, su sa gasar littafin yara mai hotuna duk shekara, marubuci da mai zane su shiga tare, a raba musu kyautar daidai wa daida?

Abin rubutawa kuwa ba sai an je nesa ba. Ina littafin ranar ruwan farko, da ƙamshin ƙasa, da yara na tsalle a ƙarƙashin indararo? Ina na yaron da ya wuni yana haɗa motar kara, tayar ta ƙi zama, sai da ƙanwarsa ta kawo dabara? Ina na kamun shinge a gindin fitila, ko na talibambam da ya tashi da safe ya ga ƙafa ta fito masa? Ina na daren farin wata da 'yan gaɗa, ko na yaron da ya fara fita tashe gemun audugarsa na ta faɗuwa? Bahaushe fa shi ne ya dubi ƙwaron nan mai fukafukai masu zane yana buɗewa yana rufewa, ya raɗa masa suna malam-buɗe-littafi. Wato tun kafin a kawo mana injin ɗab'i mun san cewa littafin yaro na farko a waje yake, yana tashi, sai an bi shi da gudu.

Ni dai na ɗauki alkawari, kuma na faɗa a gabanku don ku zama shaida: ba zan sake fitar da wani labarin soyayya ba sai na gama littafin yara guda. Na riga na fara, a kan wata yarinya ce da ƙanƙarar aljihunta, yanzu mai zane nake nema. 'Yar'uwa marubuciya, ke da kike iya rubuta shafi ashirin a dare guda don masu jiran ci-gaban labari, ki ba ɗanki shafi ɗaya. Ɗan'uwa mai karatu, in ka shiga kasuwa ka tambayi littafin yara ko ka san babu, ka yi ta tambaya har mai rumfa ya gaji ya je ya gaya wa maɗaba'a. In kuma ka samu ka karanta wa yaron, ya zame daga cinyarka ya nufi ƙofa, don Allah kada ka ce ya dawo. Ka ɗauki tabarmarka ka bi shi, ka zauna a ƙofar gida ka sa masa ido.

Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini. Allah Ya raya mana zuriyarmu, Ya sa mu gane, amin. Wassalam.